Alamar Shukri a Kan Daɓe

Duk wanda ya saba bin lungun masu hular dara da sassafe, kafin masu shaguna su buɗe, ya san Dalanda ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa, bokiti a hannu, makulli rataye a wuya, wadda ba ta amsa gaisuwa sai ta buɗe ƙofar gidan rawa tukuna. Masu cewa ba ta da fara'a, su je su wanke daɓe mai taku ashirin a kan gwiwoyinsu kullum safiya har shekara ashirin da biyu, sannan su zo mu ga tasu fara'ar.

'Yar masunci ce daga tsibirin Ƙarƙana. Aure ya kawo ta Tunis, mijin kuma bai daɗe ba ya rasu, ya bar ta da ɗa guda, Shukri, yana shekara huɗu. Ta yi shekara goma sha ɗaya a gidan wankan mata na unguwar Halfawin tana cuɗa bayan mutane, daga amare har tsofaffin da sai an riƙe su. A can ta koyi karanta jiki. Tana kallon tafiyar mace sau ɗaya za ta faɗi gwiwar da ke damunta, ta kuma faɗi ko ta kwana da fushin miji. Matsalar ita ce ba ta iya gani ta yi shiru ba, abin da ya raba ta da aikin ke nan.

A lokacin ne wata malamar rawa mai suna Lalla Wasila ta kama wata tsohuwar ma'aikatar hular dara, ta shimfiɗa mata daɓen katako, ta tara matasa ta ce rawa za su yi. Sai dai ba rawar biki ba ce. Babu ganga, babu algaita, babu mawaƙi. Makirufo takwas aka binne a ƙarƙashin katakon, duk takun da mutum ya yi, duk jan ƙafa, har faɗuwar gwiwa, sai ya fito ta lasifika kamar gidan ne da kansa ke numfashi. Wani lokaci su haska hoto a bango, wani lokaci su kawo mai zane ya yi ta shafa fenti suna zagaye shi. Mutanen lungu suka sa musu suna 'Yan Daɓe, a bayan idonsu kuma mahaukatan Lalla Wasila.

Ranar da Dalanda ta fara aiki, ta shigo ta tarar da daɓen cike da guntayen salatif, ja da kore da ruwan ɗorawa, an manna su gicciye ko'ina. Ta ce a ranta, kai, waɗannan yara akwai ƙazanta. Ta samo wuƙa ta kankare su kakaf, ta wanke wurin har yana ƙyalli, ta zauna tana jiran yabo. Lalla Wasila ta shigo, ta dubi daɓen, ta dafe kai ta zauna a ƙasa daɓas. Aikin wata huɗu ne Dalanda ta kankare. Kowane mai rawa da launinsa, kowane gicciye kuma wurin da zai tsaya ne, ko inda zai juya, ko inda zai tari wani. Ba a rubuta komai a takarda ba, duk rawar a daɓen take.

Ba a kore ta ba. Amma daga ranar aka kafa doka, kuma dokar ta yi ƙarfi har ta zama kamar addini a gidan: ba mai ɓare alamar wani. Wanda zai bar ƙungiya, ranar tafiyarsa shi zai durƙusa ya ɓare nasa da hannunsa, ya dunƙule, ya jefa cikin wata babbar kwalbar zaitun da ke kan taga. Wanda kuma ba ya nan, ya yi tafiya ko yana jinya, ba a taka masa alama, kewaye ta ake yi. Dalanda da ta jawo dokar ita ta fi kowa tsare ta. Yaran suna kiranta Halti, yadda ake kiran 'yar'uwar uwa, suna kuma tsoronta fiye da Lalla Wasila.

Shukri a wannan gidan ya girma, kuma ba wanda ya yi mamaki da ya zama ɗaya daga cikinsu. Launinsa shuɗi. Ba shi ya fi kowa iya juyi ba, amma wajen tarar mutum babu na biyunsa, shi ya sa da Lalla Wasila ta shirya rawar da suke kira Faɗuwa, shi aka ba aikin tarar mai faɗowa. Rawar kanta ba ta da wuyar faɗi. Wata yarinya mai suna Sirin za ta hau teburin ƙarfe mai tsayin ƙirjin mutum, a ɗaure mata ido da baƙin ƙyalle, ta juya baya. Shukri zai taso da gudu daga jikin bango, taku tara. A na tara zai buga ƙafa a kan shuɗiyar alamarsa, ita kuma da ta ji bugun a lasifika sai ta saki jiki ta faɗo ta baya. Ba ta ganin komai, kunnenta kawai take bi. Takun Shukri kuwa ko a cikin dubu Dalanda za ta ware shi, domin a na bakwai yakan ɗan ja ƙafar hagu kamar an ja tsintsiya, tun faɗowar da ya yi daga katanga garin kamun tantabara.

Sau biyu ana gayyatar ƙungiyar ƙetaren teku, sau biyu kowa yana samun biza ban da Shukri. Wata Talata bayan an tashi daga gwaji, ya sumbaci kan uwarsa ya ce, "Ummi, zan je Safakis bikin abokina, jibi zan dawo." Daga baya aka ji cewa kwale-kwale ya shiga, su arba'in da wani abu. Kwale-kwalen bai isa ba, bai kuma dawo ba, ba a ga ko takalmin mutum ɗaya ba.

Iyayen sauran sun yi zaman makoki. Dalanda ta ce ita ba ta yi. Hujjarta biyu ce, kuma duk wanda ya zo da fuskar ta'aziyya sai ta jera masa su a bakin ƙofa. Ta farko, wata guda bayan tafiyarsa wata baƙuwar lamba ta kira ta, aka yi shiru ana numfashi, aka kashe. Ta biyu, kuma ita ce babba: Shukri bai ɓare alamarsa ba.

"Yaron da ya tashi a gidan nan," in ji ta, "ya san doka sarai. Da ba zai dawo ba, da ya ɓare. Yana can Italiya ba takardu, shi ya sa ba ya kira. Ku tafi da addu'arku inda aka yi mutuwa."

Akwai abu na uku, wannan kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Tun makon da ya tafi, kullum ta buɗe ƙofa da safe sai ta tarar da danshi a kan shuɗiyar alamar da ke gaban teburin ƙarfe. Ba ruwa mai yawa ba, daidai faɗin tafin ƙafa biyu. Ta duba rufi, ba ya yoyo. Ta ce gumin tsohon gini ne. Ta goge, washegari ya dawo, ta goge. Wata rana, ba ta san abin da ya kai ta ba, ta dangwala da yatsa ta kai baki. Gishiri ne. Kuma 'yar Ƙarƙana ba a koya mata bambancin gishirin bango da na teku. Ta tashi ta wanke bakinta, ta sake cewa gumin gini ne. Shekara uku tana riga kowa zuwa don ta goge wurin, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da ita sai da ta rarrafo.

Shekara ukun nan ba a yi Faɗuwa ba. Sai bana da ƙungiya ta cika shekara ashirin da biyu, Lalla Wasila ta ce za a dawo da ita. An samu sabon mai tara, Iskandar, dogon saurayi mai kunya, ɗan unguwar Bab Jadid, launinsa ruwan ɗorawa. Aka shimfiɗa katifa a gindin tebur aka fara gwaji.

Tun ranar farko Dalanda ta ga matsalar daga kan bencinta, inda take ɗinkin riguna. Wurin da mai tara ya kamata ya tsaya, nan shuɗiyar alamar take. Iskandar kuwa ba zai taka ta ba, shi ma ya san doka. Sai ya manna tasa a gefe, kamar taƙi ɗaya, kullum ya zo taku na takwas sai ya ɗan karkace ya kewaye, ya tari Sirin a kaikaice. Yana tararta dai, amma wuyanta na lanƙwasa ta inda bai kamata ba. Dalanda ta gani, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɗinkinta. A rayuwarta wannan ne karo na farko da ta ga abu a jikin mutum ta kama bakinta.

Ranar Alhamis ta mako na biyu, da hantsi, rana na shigowa ta tagar rufi, Sirin ta saki jiki alhali Iskandar yana taku na shida. Ta faɗa kan katifa da ƙarfi har ta yi tsalle. Ta cire ƙyallen tana haki.

"Na ji tara," ta ce.

"Shida na yi," in ji Iskandar. "Wallahi shida."

"To ni tara na ji. An buga ƙafa, a nan." Ta nuna shuɗiyar alamar.

Kowa ya juya ya dubi Si Lutfi, mai kula da sauti, wanda ke zaune bayan na'urarsa da kwanon lablabi, wato romon wake, a cinya. Ya haɗiye lomar da ke bakinsa, ya goge hannu a wando.

"Katako ne," ya ce. "Wurin nan ya sha danshi, yana kumbura yana saki. Makirufo na huɗu a ƙarƙashinsa yake daidai. Halti, ke ce kike cika masa ruwa."

"Ruwan da kake ɗiga wa gemunka ya fi wanda nake zuba wa daɓe," in ji Dalanda. "Ka gama cin abincinka ka gyara wayoyinka, tulun banza."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Sirin ba ta yi ba. Ta zo ta zauna kusa da Dalanda tana murza wuyanta, ta yi ƙasa da murya.

"Halti, akwai jan ƙafa a ciki. A na bakwai."

Allura ta soki Dalanda a yatsa. Ta tsotse jinin ta ce, "Kunnenki ne ya saba, 'yata. Shekara biyu kina jin abu ɗaya. Juyo in ga wuyan."

Ta murza mata wuyan da man zaitun. A ƙarƙashin yatsunta ta ji ƙasusuwan nan ƙanana a jere, kamar na 'yar tsako, ta san iya abin da za su ɗauka. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

Da aka watse, Lalla Wasila ta tsaya. Ita ma ta tsufa yanzu, da sanda take tafiya. Ta zauna a bencin, ta daɗe tana kallon daɓen.

"Dalanda, ranar Litinin za mu cire katifa."

"Allah ya kai mu, Lalla."

"Yaron nan ba zai tsaya daidai ba muddin alamar tana nan. Na ce masa ya taka, ya ce to, ƙafarsa ta ƙi. Kin san su. Ni ba zan ɓare ba, ba na kuma son wani ya ɓare. Amma ke uwa ce. Hannunki hannunsa ne."

"Wa ya kafa dokar?"

"Ni."

"Kin ce uwa tana ɓare wa ɗanta?"

"Ban ce ba. A lokacin ban san za a yi irin wannan tafiyar ba."

"To ya dawo ya tarar an kankare shi daga daɓe, in ce masa me? In ce ni na binne ka da hannuna kana can Italiya kana wanke kwanuka a Palarmo?"

Lalla Wasila ta dubi teburin ƙarfen. Can ta ce, "In Sirin ta faɗo babu katifa, ke za ki je ki gaya wa uwarta. Ni ba zan iya ba."

"Ki matsar da teburin."

"Makirufon a nan yake, haske a nan yake sauka. Rawar gaba ɗaya a kan wannan wurin aka gina ta, kin fi ni sani." Ta dogara sandarta ta miƙe. "Ba zan tilasta miki ba. Kina da kwana uku."

Kwana ukun nan Dalanda ba ta ci abin kirki ba. Ranar Litinin ta buɗe ƙofa tun gari bai gama wayewa ba, ta ajiye bokiti, ta tafi kai tsaye gaban tebur. Danshin yana nan, yau har ya fi kullum, yana ƙyalli. Ta durƙusa ta sa farce a ƙarƙashin bakin salatif ɗin. Ya tsufa, ja ɗaya zai fita. Ta ɗaga shi kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Sai ta tuna da numfashin nan na cikin waya, ta tuna yadda ya sumbaci kanta ya ce jibi. Ta mayar da bakin salatif ɗin ta danne shi da babban yatsa, ta goge danshin, ta ce a ranta, ai Iskandar yana tararta, kwana goma yana tararta, yau ma zai tare ta. Haka mutum yake yi wa kansa ƙarya da ido biyu, kuma ta san ƙarya take yi.

Ƙarfe goma aka ja katifa aka jingine ta a bango. Lalla Wasila ta dubi daɓen, ta ga shuɗin yana nan, ta dubi Dalanda. Ta kira Sirin gefe ta ce in tana so a fasa, a fasa. Sirin ta ce a'a, ranar wasa ma ai ba katifa, gara yau. Si Lutfi ya rantse ya sauya wayar makirufo na huɗu jiya, yanzu ko ɓera ne ya taka sai an san ɓera ne. Yau bai kawo lablabi ba.

Sirin ta hau tebur, aka ɗaure mata ido. Iskandar ya tsaya a jikin bango yana karkaɗa hannuwa, yana jiran Lalla Wasila ta ɗaga sanda. Gidan ya yi tsit, har ana jin mai sayar da kifi yana kira a can bakin lungu.

Sandar ba ta ɗagu ba tukuna aka fara taku.

A lasifika ya fito, a hankali, daga ɓangaren bango. Ɗaya, biyu. Dalanda ta dubi ƙafafun Iskandar, suna nan a kafe inda suke. Uku, huɗu. Si Lutfi ya sunkuya kan na'urarsa yana murɗa wani abu, takun bai ragu ba. Iskandar ya dubi Lalla Wasila, ya dubi daɓe, sai ya gane, ya zabura da gudu, amma an riga shi da taku biyar. Shida. A na bakwai aka ja ƙafa kamar an ja tsintsiya. Dalanda ta buɗe baki za ta ce wa yarinyar kada ta saki, muryar ta ƙi fita. Takwas. Sannan bugu, a kan shuɗiyar alamar da babu kowa a kanta.

Sirin ta saki jiki.

Abin da ya biyo baya, kowa da yadda ya gan shi, kuma har yau ba su daidaita ba. Abin da aka yarda da shi kawai, Iskandar ya zube a kan gwiwoyinsa ya zamo, hannuwansa a miƙe, ya kama ta ta ƙarƙashin hammata, ƙeyarta saura taƙi ɗaya ta bugi katako. Ba ta ji ciwo ko kaɗan ba. Ta cire ƙyallen tana murmushi, ta ce wannan ne karo na farko da ya tare ta daidai. Sai ta ga fuskokinsu, murmushin ya tafi.

Iskandar bai tashi ba. Yana durƙushe yana kallon tafin hannunsa, gwiwoyinsa sun goge suna jini.

"Lalla," ya ce, "bai kamata in same ta ba. Na makara da nisa."

"Ka same ta, alhamdu lillahi. Tashi."

"Ba ta zo da nauyinta ba. Kamar miƙo min ita aka yi."

Si Lutfi ya fara bayani a kan tsohon sautin da wataƙila ya maƙale a cikin na'ura, tun na shekarun baya, ya ce yana faruwa, ya taɓa karantawa. Ba wanda ya musa masa, shi ma bai ƙarasa ba. Lalla Wasila ta ce an tashi, kowa ya tafi gida.

Suka tuɓe rigunan gwaji suka zuba a kwando kamar kullum, suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba hira. Dalanda ta ɗauki kwandon ta hau soro inda take wanki. Rana ta take, iska na kaɗa igiyar shanya. Ta zazzage rigunan, ta ɗauko ta Sirin, baƙa ce, ta riga ta bushe. Ta juya bayanta.

Gumi yakan bar farin gishiri a baƙar riga, wannan ba sabon abu ba ne ga mai wankin 'yan rawa. A hammata yake fitowa, da wuya, da tsakiyar baya a tsaye. Wannan kuwa shatin hannu ne guda biyu, ɗaya tsakanin kafaɗu, ɗaya a ƙasan baya, inda Iskandar bai taɓa ba. A na saman, ƙaramin yatsa ya karkace waje, irin na Shukri. Ita ta datse wannan yatsan da ƙofar gidan wanka, yana ɗan shekara biyar, ranar da ya biyo ta wurin aiki. Ta yi kuka a ranar fiye da shi.

Ta zauna a bakin rariya da rigar a cinya. Ba ta ji tsoro ba, wannan ya wuce tun ɗazu. Abin da ta ji ya fi tsoro nauyi. Makullin gidan guda ɗaya ne, yana wuyanta, shekara ashirin da biyu. Mutumin da ke wanke kwanuka a Palarmo, in zai dawo, ta ƙofa zai shigo, ya ƙwanƙwasa, ya ce Ummi buɗe. Wanda ke zuwa kullum kafin ta buɗe, ƙafafunsa jiƙe, ya tsaya a kan alamarsa yana jira, ba daga Italiya yake zuwa ba. Ta san haka tun ranar da ta kai yatsa baki. Shekara uku tana goge shi da tsumma.

Ta sauko. Lalla Wasila ba ta tafi ba, tana zaune a benci ita kaɗai, Si Lutfi kuma yana naɗe wayoyi a hankali kamar mai gudun tada wani daga barci. Dalanda ta wuce su ta durƙusa gaban tebur.

"Ka yi aikinka, ɗana," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Ka tare ta. Ya isa haka, ka je ka huta."

Ja ɗaya ya fita. Ta bi daɓen a kan gwiwoyinta tana ɓare sauran, na jikin bango, na kusurwa, na bayan ginshiƙi, goma sha huɗu, duk ta san inda suke. Ta dunƙule su wuri ɗaya, ba su kai girman goro ba. Ta buɗe kwalbar zaitun ta jefa a kan na waɗanda suka yi aure da waɗanda suka koma koyarwa.

"Si Lutfi."

"Na'am, Halti."

"In ka fita ka biya wurin liman. Ka ce masa matar nan mai taurin kai ta ce a yi wa ɗanta sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Ka gaya wa mutanen lungu gobe ƙofata a buɗe take, mai son zuwa gaisuwa ya zo."

Si Lutfi ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa, Halti." Wannan karon ba ta kore shi ba, ta ce amin.

An yi kwana uku ana zaman makoki, maƙwabta suka dafa kuskus, 'Yan Daɓe suka yi ta hidimar shayi. Iskandar ya manna ruwan ɗorawarsa a wurin da ya dace, da hannunsa. An yi Faɗuwa sau shida a wannan watan, da la'asar, gida cike, taku tara kowane karo, babu jan ƙafa.

Ranar da Dalanda ta koma aiki, ta riga kowa zuwa kamar yadda ta saba. Ta ajiye bokiti, ta ɗauki tsumma, ƙafarta ta kai ta gaban tebur ba tare da ta yi shawara da ita ba. Ta durƙusa ta shafa katakon da tafin hannu. A bushe yake ƙamas. Ta matsa gefe ta shafa, ta dawo ta sake shafawa, ta kai yatsa baki, ƙura ce kawai. A nan kukan da ba ta yi a zaman makoki ba ya zo mata, ta kifa goshi a kan daɓen ta yi shi har ta gaji. Da ta ji motsin masu shaguna a waje sai ta tashi, ta jiƙa tsumman, ta fara wanki daga jikin bango.